Daga Tukwanen Hesse Zuwa Injin Jirgin Sama: Yadda Aka Gano Sirrin Jure Wuta

Da a ce za ka leƙa shagon wani mai gwada zinariya a Landan shekaru 400 da suka wuce, akwai abin da da wuya ka rasa a gefen murhunsa: wata 'yar tukunyar ƙasa mai baki kusurwa uku, wadda sau da yawa ba ta fi kofin shayi girma ba. A cikinta ake narka zinariya da azurfa da tagulla. In ka tambaye shi daga ina aka kawo ta, zai ce maka daga Hesse, wani yanki a tsakiyar Jamus ta yau, musamman garin Grossalmerode da kewayensa. Tun daga ƙarshen zamanin tsakiya na Turai ake fitar da waɗannan tukwane zuwa ƙasashe, har masu tonon kayan tarihi sun same su a Jamestown, mazaunin Ingilishi na farko da ya ɗore a Amurka.

Me ya sa mutum zai sayi tukunyar ƙasa daga wata uwa duniya, alhali akwai yumɓu da magina a garinsa? Saboda in tukunya ta fashe a cikin wuta, dukiyar da ke cikinta ta bi toka. Ta Hesse kuwa tana ɗaukar zafi mai tsanani ba ta lanƙwashe ba, narkakkiyar dalma ba ta saurin cinye ta, kuma a ciro ta daga wuta a ajiye a iska ba ta tarwatse ba. Magina a wasu ƙasashe sun yi ta ƙoƙarin kwaikwayonta, abin ya faskara.

Sai a shekarar 2006 wasu masu bincike uku, Marcos Martinón-Torres da Thilo Rehren da Ian Freestone, suka wallafa amsar a mujallar Nature. Da suka yanka tukwanen suka duba cikinsu da na'urori, sai suka tarar jikinsu cike yake da wasu 'yan siraran kiristal masu kama da allurai, sun sarƙe da juna kamar saƙar tabarma. Sunan wannan abu mulait. Maginan Hesse suna amfani da yumɓu mai yawan kawolin, su cakuɗa shi da yashi, sannan su gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,100 a ma'aunin Selsiyas. A irin wannan zafi ne alluran ke tsirowa. Abin mamakin shi ne, masana ba su tantance mulait sun raɗa masa suna ba sai a 1924, lokacin da Bowen da Greig suka bayyana shi a Amurka, suka ba shi sunan tsibirin Mull na Sukotland inda ake samunsa a cikin dutse. Wato maginan nan sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ƙera abin da ba su taɓa gani ba.

Wannan labari shi ne tarihin fannin gaba ɗaya a taƙaice. An daɗe ana zaton cewa in kana son abu mai jure wuta, tambaya ɗaya ce: da me aka yi shi? Daga baya aka gane akwai tambaya ta biyu wadda sau da yawa ta fi ta farko nauyi: yaya abin yake a jere daga ciki?

Me ake nufi da ƙirar ciki?

Bari mu fara da kalmomi. Siramik suna ne na babban dangi: tukunyar ƙasa, tangaran, jan bulo, farin kan filogin mota, da bulon da ake shimfiɗawa a cikin tanderun narka ƙarfe. Yawancinsu gari ne aka matse aka gasa har ya haɗe ya zama abu guda.

In ka goge ɗan guntun siramik har ya yi sheƙi ka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, za ka ga ba dunƙulallen abu ɗaya ba ne. Ƙwayoyi ne birjik, kowace da iyakarta, kamar gonaki in ka hango su daga sama. Wasu ƙwayoyin ba su wuce maikuromita 1 ba, wato kashi 1 cikin 1,000 na milimita, alhali kaurin gashin kanka ya kai wajen maikuromita 70. Tsakanin ƙwayoyin akwai 'yan ramukan iska, akwai siraran tsaga, wani lokaci kuma akwai wani abu kamar gilashi da ya daskare a mahaɗarsu. Girman ƙwayoyin, siffarsu, yawan ramukan da inda suka zauna, da abin da ke mahaɗa, su ne muke kira ƙirar ciki.

Mutumin da ya buɗe wa masana wannan ƙofa shi ne Henry Clifton Sorby, ɗan garin Sheffield a Ingila. Wajen 1849 ya fara fere dutse har ya yi sirantakar da haske zai ratsa shi, yana dubawa da madubi. A 1863 ya juya kan ƙarfe: ya goge, ya ɗan zuba masa asid, ya duba. Mutanen zamaninsa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba sai bayan shekaru kusan 20. Amma hanyoyin nan biyu nasa, ferewa da gogewa, su ne har gobe ake bi wajen duba cikin bulo da siramik.

Gilashin Griffith

Gani daban, fahimtar abin da aka gani daban. Wanda ya fara bayyana dalilin da ya sa 'yar ƙaramar tsaga ke da haɗari shi ne Alan Arnold Griffith, wani matashin injiniya a cibiyar binciken jiragen sama ta Farnborough a Ingila. Matsalar da ta dame shi ita ce: in ka lissafa ƙarfin da zarra ke riƙe 'yar'uwarta da shi, ya kamata gilashi ya yi ƙarfi ƙwarai. Amma gilashin da muke gani yana karyewa da ƙarfin da bai kai ko kusa da wannan lissafi ba, bambancin yakan kai ninki 100.

Griffith ya narka gilashi ya ja shi zare-zare, ya riƙa gwada ƙarfinsu. Sai ya ga duk lokacin da zaren ya ƙara sirancewa, ƙarfinsa a kan kowane ma'aunin kauri yana ƙaruwa. A aikin da ya gabatar a 1920, ya ce dalilin shi ne 'yan tsagar da ido ba ya gani. Duk ƙarfin da aka ɗora wa abu yana taruwa ne a bakin tsaga, daga nan take yagewa. Siririn zare ba shi da wurin ɓoye babbar tsaga, shi ya sa ya fi ƙarfi.

Ai ka san wannan tun ba yau ba. Mai sayar da yadi a kasuwa ba ya kama tsakiyar yadi ya ja. Yakan ɗan ciza gefen da almakashi, sannan ya ja, sai ka ji kyaaat har ƙarshe. Haka mai yankan gilashi yake jan layi ɗaya da bakin abin yankansa, ya ɗan danna, gilashin ya rabu daidai kan layin. Abin da Griffith ya ƙara shi ne lissafi: in tsagar ta ninka tsawo sau 4, ƙarfin abin zai ragu da rabi.

Ƙarfe yana da mafita, domin in ƙarfi ya taru a bakin tsaga sai wurin ya ɗan miƙe, bakin ya dakushe. Siramik ba ya miƙewa. Saboda haka ƙarfinsa yana hannun tsaga ko rami mafi girma da ke jikinsa. Darasin da masana suka ɗauka a lokacin a fili yake: a kori ramuka, a ƙanƙanta ƙwayoyi.

Fitilar titi da yaƙi da ramuka

Korar ramuka ta fi sauƙi a baki. Idan aka matse gari aka sa a wuta, ba narkewa yake yi ba. Zarra ce ke tafiya a hankali daga wuri zuwa wuri, ƙwayoyi su manne, ramukan da ke tsakaninsu su riƙa tsukewa. Hanyar da rami ke bi ya ɓace ita ce iyakar ƙwayoyi, domin a nan zarra ta fi saurin tafiya. Matsalar ita ce su ma iyakokin tafiya suke yi, manyan ƙwayoyi na cinye ƙanana. In iyaka ta yi gudu fiye da kima, sai ta wuce ta bar ramin a tsakiyar ƙwaya. Ramin da aka bari a nan kuwa ya zauna kenan, kamar ƙauyen da aka karkatar da titi daga gare shi.

A ƙarshen shekarun 1950, Robert Coble, wanda ya yi digirinsa na uku a jami'ar MIT, yana aiki a kan alumina a cibiyar bincike ta kamfanin General Electric da ke Schenectady a jihar New York. Alumina farin gari ne da ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. Coble ya gano cewa in aka zuba masa ɗan magnesiya kaɗan, abin da bai kai ko rabin kashi 1 cikin 100 ba, sai gudun iyakokin ya daidaita, ramukan su ci gaba da zama a kansu har su ƙare. In kuma an gasa shi a cikin iskar haidurojin, wadda ke iya sulalewa ta fice daga ramin da ya rufe, sai a samu alumina da kusan babu rami a cikinta.

Sakamakon ya zo da abin da ido ke gani. Farin da tangaran ke yi, yawancinsa daga ramuka ne da ke warwatsa haske. Da ramukan suka tafi, sai haske ya fara ratsa aluminar. Kamfanin ya sa mata suna Lucalox, ya sanar da ita a 1959. A tsakiyar shekarun 1960 aka fara sayar da fitilar sodiyam mai matsi, wadda ke buƙatar bututun da zai jure zafin da ya haura digiri 1,000 da kuma tururin sodiyam mai cinye gilashi. Fitilun titi masu haske ruwan lemo da ka saba gani a manyan birane kafin zuwan na LED, a tsakiyar kowace akwai wannan ɗan bututu. Sinadarin kusan bai canja ba, alumina ce dai. Inda ramukan suka zauna lokacin gashi ne ya canja.

Inda rami ya zama aboki

To, in haka ne, sai a yi bulon tanderu ma ba rami ko ɗaya, ko ba haka ba? Masu aiki a masana'antar ƙarfe sun san ba haka abin yake ba. Sun sha ganin bulo mai tauri, matsattse, wanda ya ci kowane gwajin ƙarfi, amma ranar da aka buɗe ƙofar tanderu iska mai sanyi ta buge shi sai ya dare gida biyu. Wani bulon kuwa mai garas-garas, wanda bai kai shi ƙarfi ba, ya yi ta aiki wata da watanni.

Dalilin farko sananne ne. In abu mai zafi ya gamu da sanyi farat ɗaya, bayansa na son tsukewa, cikinsa kuma har yanzu a kumbure yake. Wannan ja-in-ja ne ke tsaga shi, kamar yadda kofin gilashi mai kauri ke fashewa in an zuba masa tafasasshen ruwa. Amma me ya sa mai ƙarfin ya fi shan wahala?

D. P. H. Hasselman ne ya haɗa amsar a wata maƙala da ya wallafa a Amurka a 1969. Ya ce tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa. Ta farko: yaushe tsaga za ta fara? Ta biyu: in ta fara, ina za ta tsaya? Abu mai ƙarfi yana daɗewa bai tsage ba, amma duk tsawon wannan lokaci yana tara ƙarfi a jikinsa kamar baka da aka ɗame. Ranar da tsaga ɗaya ta samu hanya, duk abin da aka tara a kanta zai sauka, ta ratsa shi daga gefe zuwa gefe. Abu mai ramuka da ƙananan tsaga masu yawa kuwa ba ya tara ƙarfi sosai, kuma ɗan abin da ya tara sai tsaga dubu su raba shi. Kowace ta ɗan matsa kaɗan, ta ci karo da rami ko babbar ƙwaya, ta tsaya.

A cikin tanderun da ake narka ƙarfe a wajen digiri 1,600, ba ka da ikon hana tsaga farawa. Abin da ya rage maka shi ne ka hana ta yin nisa. Shi ya sa da gangan ake haɗa bulon tanderu da manyan ƙwayoyi da matsakaita da ƙanana, a kuma bar ramuka da kan kai kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na jikinsa.

Nan ma masu hannu sun riga masu lissafi. Maginan tukwane a wurare da dama na ƙasar Hausa da maƙwabtanta sukan cakuɗa yumɓu da yashi, ko dakakken tsingaro, ko ƙaiƙayi. Ƙaiƙayin ya ƙone a wuta ya bar ramuka, tsingaron kuma ya zama shingen tsaga. Shi ya sa tukunyar ƙasa ke zama a kan murhu kullum, harshen wuta na dukan gindinta, amma ɗora farantin tangaran mai sheƙi a kan wannan murhu ka ga abin da zai faru. Yashin da maginan Hesse ke zubawa ma aikin da yake yi kenan: alluran mulait su ba da ƙarfi, yashi ya tare tsaga.

Sai dai fa rami ba kyauta ba ne. Ta cikinsa narkakken kashin ƙarfe ke kutsawa ya ci bulon daga ciki. Ɗaya daga cikin mafitar da aka samu ta fito ne daga Japan a shekarun 1970: bulon magnesiya da aka cakuɗa da ɓarɓashin girafait, wato baƙin abin da ke cikin fensir. Kashin ƙarfe ba ya jiƙa girafait, kamar yadda ruwa ke zamewa a kan abu mai maiƙo, kuma girafait na saurin rarraba zafi, ga shi yana karkatar da tsaga. Irin wannan bulo ne ke cikin akasarin manyan tukwanen tace ƙarfe a yau.

Abin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya

Akwai kuma wani wuri da bulo ke mutuwa ta nan, wato mahaɗar ƙwayoyi. Magnesiya tsantsa ba ta narkewa sai a wajen digiri 2,800. Amma bulon magnesiya na da can yakan fara lotsawa a ƙarƙashin nauyi tun zafi bai je ko kusa da nan ba. Da aka duba da madubi sai aka ga dalili. 'Yan gurɓatattun abubuwa da ke cikin ma'adinin, irin su silika da sinadarin farar ƙasa, suna taruwa a mahaɗa su yi wani siririn shafi da ke lulluɓe kowace ƙwaya. Wannan shafi yana narkewa da wuri. Ƙwayoyin na nan daram, amma sun zama kamar tubalan da aka jera da laka, ruwan sama kuma ya jiƙa lakar. Sai su fara zamewa a kan juna.

Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960 aka fara yin bulon da aka rage masa silika, aka kuma gasa shi a zafin da ya kai digiri 1,700 ko fiye, domin ƙwaya ta manne da ƙwaya kai tsaye. Ɗan ruwan da ya rage sai ya koma lungu-lungu inda ba zai yi ɓarna ba. Ka lura, ba yawan gurɓataccen abin kaɗai ke da muhimmanci ba, har da inda ya zauna. In ya taru a lungu, da sauƙi. In ya shimfiɗu a kan kowace iyaka, ko kaɗan ne ya isa ya rusa bulon.

Ƙarfen siramik

Babi mafi ban sha'awa a wannan tarihi na zakoniya ne. Ita ba ta narkewa sai a wajen digiri 2,700, don haka kowa ya so ya yi amfani da ita. Amma tana da wani mugun hali. A zafi mai yawa zarrarta na jeruwa ta wata siffa, in ta huce ta sauko ƙasa da wajen digiri 1,000 sai jerin ya sauya farat ɗaya, ta kumbura da kusan kashi 4 cikin 100. Ga abin da ba ya miƙewa, wannan kumburi kisa ne. Sai ka gasa abu lafiya lau, ka buɗe tanderu ka tarar ya tsattsage.

Tun a ƙarshen shekarun 1920 masana a Jamus suka gano cewa in an zuba mata isasshen sinadarin farar ƙasa ko magnesiya, sai ta tsaya a siffa ɗaya, ba ta ƙara sauyawa. An kashe matsalar, amma abin da aka samu ba shi da wani ƙarfi na a zo a gani.

A 1975, masu bincike uku a hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya, CSIRO, a birnin Melbourne, wato Ron Garvie da Richard Hannink da Terry Pascoe, suka wallafa wata gajeriyar maƙala a Nature. Takenta tambaya ce, ma'anarta: ƙarfen siramik? Dabararsu ita ce kada a kashe kumburin, a ɗaure shi a ajiye don ranar buƙata. Suka rage yawan abin da ake zubawa, suka sarrafa zafin gashi yadda wasu 'yan mitsi-mitsin ɓarɓashi, waɗanda ba su kai maikuromita 1 ba, za su fito a cikin manyan ƙwayoyi suna riƙe da siffarsu ta lokacin zafi. Suna son su sauya su kumbura, amma abin da ke kewaye da su ya matse su.

Yanzu ka ɗauka tsaga ta taso. Jan da ke bakinta sai ya sassauta wa ɓarɓashin da ke kusa matsin da ke kansu. Nan take su sauya siffa, su kumbura, su matse tsagar daga gefe biyu. Wato tsagar da kanta ce ke ta da abin da zai shaƙe ta. Da wannan, juriyar zakoniya ga yaɗuwar tsaga ta ninka ta alumina sau 2 zuwa 3. Komai kuma ya rataya ne a kan girman ɓarɓashin. In sun yi girma da yawa, tun a tanderu za su sauya, a yi asarar su. In sun yi ƙanƙanta da yawa, ko tsaga ta zo ba za su motsa ba.

Amma akwai iyaka. Wannan dabara ta fi aiki a zafin ɗaki zuwa 'yan ɗaruruwan digiri. In zafi ya yi yawa, ɓarɓashin sun koma yanayin da suke jin daɗinsa, ba su da dalilin sauyawa. Shi ya sa za ka fi samun irin wannan zakoniya a haƙoran roba na zamani, da wuƙaƙe, da bawul na famfunan masana'antu. A cikin wuta sosai, wata ƙirar ce daban ke aiki.

Injin jirgin sama da ƙurar hamada

Griffith ɗin nan na gilashi, daga baya ya koma kan injin jirgin sama, har ya shiga kamfanin Rolls-Royce a 1939. Kuma a cikin irin wannan inji ne duk darussan da muka bi suka haɗu. Iskar da ke fitowa daga ɗakin ƙona mai a injin jet na zamani ta fi zafin da ke narka ƙarfen fukafukan da take bugawa. Abu biyu ke ceton su: iska mai sanyi da ake turawa ta cikinsu, da wani siririn shafin siramik a bayansu wanda bai kai rabin milimita ba. Wannan shafi, tare da sanyayawar, kan rage zafin da ke isa ga ƙarfen da digiri 100 zuwa 300.

Shafin zakoniya ne da aka haɗa da wajen kashi 7 cikin 100 na itiriya, adadin da gwaje-gwajen Stephan Stecura a cibiyar NASA da ke Cleveland suka nuna ya fi ɗorewa, tun daga ƙarshen shekarun 1970. Amma da za a shafa shi sumul ba rami, da ba zai daɗe ba. Duk tashi da sauka, ƙarfen na kumbura ya tsuke fiye da siramik ɗin, sai shafin ya ɓare. Don haka ake gina shi da gangan da giɓi. A wata hanyar, ana fesa narkakken gari ya faɗa ya daskare falle-falle, da ramuka kwance a tsakani masu tare zafi. A wata hanyar kuma, ana turara siramik ɗin ya tsiro a kan ƙarfen sanda-sanda kamar karan dawa a gona, kowace sanda da 'yar tazara tsakaninta da maƙwabciyarta. In ƙarfen ya kumbura sai sandunan su ɗan buɗe, in ya tsuke su koma.

Babban abokin gabar wannan shafi a yau abu ne da ka sani sarai: ƙura. Ƙurar hamada, dangin wadda iskar hunturu ke kwaso mana daga Sahara, da tokar dutse mai aman wuta, suna ɗauke da silika da sinadaran kalsiyam da magnesiyam da alminiyam. In inji ya shaƙe su, sukan narke a wajen digiri 1,200 su zama ruwan gilashi, su tsiyaya cikin giɓin nan, su daskare in inji ya huce. Sandunan da ya kamata su motsa sun manne, sai shafin ya fara ɓarewa. Shi ya sa injinan da ke yawan aiki a yankuna masu ƙura ke saurin buƙatar gyara. Ɗaya daga cikin mafitar da ake amfani da ita yanzu ita ce shafi mai sinadarin gadoliniyam, wanda in ruwan gilashin ya taɓa shi sai su haɗu su yi kiristal nan take, su toshe bakin giɓin kafin ruwan ya yi nisa.

Abin da wannan ke nufi a gare mu

Kada ka ɗauka labarin na nesa ne kawai. Duk buhun siminti da ka gani, kayan cikinsa sun bi ta wani dogon tanderu mai juyawa inda suka kai wajen digiri 1,450. Abin da ke tsakanin wannan wuta da ƙarfen jikin tanderun bulo ne. Haka yake a masana'antun siminti na Sakkwato da Ashaka da Obajana, kamar yadda yake a ko'ina a duniya. In bulon ya zube a wani wuri, dole a kashe wuta, a jira tanderu ya huce, a sake jeri, kwanaki na tafiya ba a fitar da ko buhu ɗaya ba.

Muna da kawolin a wurare irin su Ƙanƙara a jihar Katsina, kuma sau da yawa za ka ji ana cewa tunda muna da ƙasar, me zai hana mu yi bulon da kanmu? Tambaya ce mai kyau, amma tarihin nan ya nuna cewa samun ƙasar matakin farko ne kawai. Sauran aikin yana wajen niƙa da tankaɗe don a san girman kowace ƙwaya, da tanderun da zai kai zafin da ake so ya kuma riƙe shi daidai, da madubin da za a yanka bulon a duba a ga ko allurai sun tsiro, ko ramuka sun zauna inda ya dace, ko gilashi ya shimfiɗu a mahaɗa. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai, ga fili nan: ya ɗauki yumɓun garinsu, ya gasa shi a zafi daban-daban, ya yanka, ya duba abin da ya fito a ciki.